Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga daraktocin kamfanoni: ku cire wuyan mai bincike daga hannun wanda yake bincika

Zuwa ga shugabanni da membobin hukumomin daraktoci na kamfanoni, musamman ku da kuke zaune a kwamitin bincike da kwamitin kula da haɗari.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ma'aikacin binciken cikin gida ne, abin da a ofis ake cewa oditan cikin gida. Na daɗe a wannan aiki, na zauna a gabanku sau da yawa riƙe da rahoto, kuma akwai maganar da ban taɓa samun damar faɗa muku a ɗakin taro ba, domin duk lokacin da na shiga, wanda maganar ta shafa yana zaune a gefenku. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Zan fara da abin da ya faru da ni, don kada ku ɗauka ina nuna wa wasu yatsa ne ina wanke kaina. A wani kamfani da na yi wa aiki, mun binciki sashen sayayya, muka tarar mutum ɗaya ne yake shigar da sunan sabon ɗan kwangila a kwamfuta, shi ne kuma yake amincewa a biya shi. Cikin fayilolin da muka zaro don gwaji, 'yan kwangila uku masu suna daban-daban lambar asusun bankinsu ɗaya ce. Na shafa wa batun ja a rahoto, wato haɗari mai girma da ke son a tashi tsaye nan take. Kwana biyu kafin zaman kwamiti, darakta mai kula da kuɗi ya kira ni ofishinsa. Bai ɗaga min murya ba. Ya jawo min kujera, ya tambayi iyali, sannan ya buɗe rahoton, ya ɗora yatsa a kan jan akwatin ya ce, "Malam, wannan jan ya yi yawa. Kai ma ka san mun fara gyara. Mai da shi rawaya, kada mu tayar wa dattawa da hankali." A gefen teburinsa, ƙarƙashin wayarsa, ga takardar auna ƙwazona ta ƙarshen shekara, wadda shi zai sa mata hannu. Bai nuna ta ba, bai ambace ta ba. Amma na gan ta, shi ma ya san na gan ta.

Na mai da shi rawaya. Har yau abin yana cin raina.

A zaman kwamiti, rahoton bincike shi ne na ƙarshe a ajanda. Mutum biyu sun riga sun rufe jakunkunansu. Shugaban kwamiti ya duba shafin, bai ga ja ba, ya juya ga daraktan kuɗi ya ce, "Komai dai lafiya ko?" Aka ce lafiya lau. A rubutaccen bayanin taro aka sa kalma biyu: an lura. Da asiri ya tonu daga baya, kuɗi sun riga sun tafi, tambayar farko da wani darakta ya yi ita ce wai ina sashen bincike yake har haka ta faru.

Laifina na ɗauka, ban raba shi da kowa ba. Amma ku dubi yadda aka gina wurin. Wanda nake bincika shi ne yake auna ƙwazona, shi yake yanke kasafin sashena, shi yake amincewa da hutuna, shi yake fara karanta rahotona kafin ya iso gare ku. Idan kuka shirya abu haka, kun bai wa kura ajiyar nama ne, sannan kuka ce wa makiyayi ya riƙa kai mata ƙarar kanta. Duk abin da zan faɗa a wannan wasiƙa yana komawa nan ne: a yawancin kamfanonin da suka durƙushe, akwai wanda ya ga ɓarakar tun da wuri kuma ya faɗa. Abin da aka rasa shi ne hanyar da maganarsa za ta isa kunnen daraktoci ba tare da an tace ta ba, da kuma daraktocin da za su ji su yi aiki da ita.

Ku tuna WorldCom, kamfanin sadarwa na Amurka. Shugabar sashen binciken cikin gida, Cynthia Cooper, tana ƙarƙashin daraktan kuɗi ne, Scott Sullivan, wanda shi ne a tsakiyar maguɗin. Abin da ake yi ba wani tsafi ba ne. Kuɗin da kamfanin yake biyan wasu kamfanonin waya don amfani da layukansu kashe kuɗi ne na yau da kullum, dole a cire shi daga ribar shekara. Sai aka riƙa rubuta shi a matsayin jarin kadara, wanda ake rarraba nauyinsa a kan shekaru masu yawa. Ta haka asara ta koma riba a takarda. Oditocin waje, kamfanin Arthur Andersen, sun sa hannu sun wuce. Cooper da 'yan tawagarta kaɗan suka riƙa bin lissafin da daddare, bayan an tashi aiki, don kada a gane abin da suke nema. Da Sullivan ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya nemi ta ɗage binciken zuwa wani lokaci. Ta ƙi, ta kai maganar ga shugaban kwamitin bincike na hukumar daraktoci, Max Bobbitt. A watan Yunin 2002 kamfanin ya bayyana cewa an yi rufa-rufar dala biliyan 3.8, a watan Yuli ya shelanta karyewa, daga ƙarshe adadin ya kai kusan dala biliyan 11. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, an yanke masa ɗaurin shekara 25 a 2005.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin labarin jarumta, kuma jarumtar ce. Ni abin da yake damuna a cikinsa daban ne. Me ya sa shugabar bincike a babban kamfani za ta yi aikinta a ɓoye cikin dare kamar ita ce mai laifi? Da ta kasance mai ɗan rauni irin nawa a waccan rana, da ta karɓi shawarar ɗagewa, wa zai sani? Bai kamata dukiyar masu hannun jari da fanshon dubban ma'aikata su rataya a kan sa'ar samun mutum ɗaya mai taurin zuciya ba. Aikinku ne ku gina tsarin da ko ma'aikaci mai tsoron rasa abincinsa zai iya faɗin gaskiya a cikinsa ya kwana lafiya. Dokar Sarbanes-Oxley ta Amurka da aka sa wa hannu a ƙarshen Yulin 2002 ta zo ne da wannan niyya, ta wajabta kwamitin bincike ya zama na daraktoci masu zaman kansu, ya kuma buɗe hanyar karɓar koke a asirce. Amma doka ba za ta zauna a kujerarku ta yi tambaya a madadinku ba.

Wani lokacin kuma maganar tana isowa, sai a ajiye ta a durowa. Bankin Barings na Ingila an kafa shi tun 1762. A reshensa na Singafo, wani ma'aikaci, Nick Leeson, shi ne yake yi wa bankin ciniki a kasuwar hada-hadar kuɗi, shi ne kuma yake kula da ofishin baya da ke tantance cinikin da rubuta shi a littafi. Ma'ana shi ke saye da sayarwa, shi ke duba kansa. A 1994 masu binciken cikin gida suka je, suka rubuta ƙarara cewa iko ya taru da yawa a hannun mutum ɗaya, a raba ayyukan biyu. Ba a raba ba. Dalili a fili yake: a takarda Leeson yana kawo riba mai yawa, ya zama shafaffe da mai, kowa yana jin nauyin taɓa shi. Alhali asarar tana ɓoye a wani asusu mai lamba 88888, hedkwatar bankin a London kuma tana ta aika masa kuɗi don cike gurbin cinikin da ba ta fahimta ba. A Fabrairun 1995 asarar ta kai fam miliyan 827, bankin da ya haura shekara 230 ya rushe, bankin ING na Holan ya saye shi a kan fam ɗaya. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Shawarar da za ta ceci bankin tana rubuce a rahoton da ke cikin gidan, watanni kafin rushewar.

Ina roƙonku ku riƙe wannan: sashen da ya fi kowa kawo riba, shi ya fi cancantar a zuba masa ido. Ribar da ta fi ta kowa a kasuwa ɗaya, da kaya iri ɗaya, tana da dalili, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai an ɗauki kasadar da ba a faɗa muku ba, ko lissafin ba daidai yake ba. Amma a aikace akasin haka ake yi. Mai bincike ya nufi sashen da ke asara, kowa ya buɗe masa ƙofa. Ya nufi sashen gwarzon shekara, sai a ce masa yanzu suna tsakiyar rufe ciniki, ya dawo wata mai zuwa.

Takwaranmu, shugaban sashen kula da haɗari, nasa halin ya fi namu tsanani, domin mu muna zuwa ne bayan an yi, shi kuwa aikinsa ya ce a dakata tun ana cikin gudu. Paul Moore ya riƙe sashen haɗarin bin ƙa'ida a bankin HBOS na Birtaniya. Ya gargaɗi hukumar daraktoci cewa zafin neman ciniki ya fi ƙarfin matakan kariyar bankin. A ƙarshen 2004 aka sallame shi, bankin ya ce sake fasalin aiki ne. A 2008 bankin ya kai gaɓar da sai da Lloyds TSB ya haɗiye shi, gwamnati ta zuba kuɗin jama'a. Da Moore ya ba kwamitin majalisar dokoki shaida a 2009, tsohon shugaban bankin, James Crosby, ya sauka daga muƙaminsa na mataimakin shugaban hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi. Ihu bayan hari ke nan. Ina so kowane darakta ya tambayi kansa: idan gobe manajan darakta ya zo ya ce an sake fasali, kujerar mai kula da haɗari ta faɗa ciki, za ka kira mutumin shi kaɗai ka ji ta bakinsa, ko za ka sa hannu?

Na baya-bayan nan ma ba su sake zani ba. Bankin Credit Suisse na Suwizalan ya yi asarar kusan dala biliyan 5.5 a 2021 a kan abokin ciniki ɗaya, kamfanin zuba jari mai suna Archegos, kuma rahoton lauyoyin da bankin da kansa ya ɗauka ya ce haɗarin sananne ne, a bayyane yake, an yi ta ƙetare iyakokin da aka gindaya ba wanda ya taka burki. Shekara biyu bayan nan bankin UBS ya karɓe shi. Shi kuwa bankin Silicon Valley Bank na Amurka ya shafe yawancin 2022 ba shi da cikakken shugaban sashen haɗari, a daidai lokacin da kuɗin ruwa ke hauhawa yana rage darajar takardun lamunin da ya tara. Rahoton babban bankin Amurka na Afrilun 2023 ya nuna cewa da ma'aunin haɗarin bankin ya nuna an ƙetare iyaka, sai shugabanninsa suka sauya zaton da aka gina ma'aunin a kansa maimakon su rage haɗarin. Da na karanta wannan wurin sai da na ajiye takardar, domin na gane shi: ja ne aka mayar rawaya, sai dai nasu na biliyoyi ne. Ranar 9 ga Maris 2023 masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a wuni ɗaya, washegari hukuma ta rufe bankin.

Akwai wata hanyar kashe sashen bincike da ta fi kora laushi, kuma ita ta fi yawa. Ba a korar kowa, sai dai a shagaltar da su. A Toshiba ta Japan, kwamitin bincike mai zaman kansa ya gano a 2015 cewa an kumbura riba da kusan yen biliyan 152 a tsawon shekaru kusan 7. Shugabanni suna ɗora wa sassa adadin ribar da ba zai yiwu ba, na ƙasa kuma ba ya iya ce wa na sama a'a. Ina masu binciken cikin gida? Suna nan, amma yawancin lokacinsu ya tafi a ba sassa shawarar inganta aiki, ba duba ko lissafi gaskiya ba ne. Kwamitin binciken hukumar daraktoci kuwa tsohon daraktan kuɗin kamfanin ne yake shugabantarsa, wato an sa mutum ya duba aikin hannunsa. Ba na ƙin mai bincike ya ba da shawara, yana da amfani ƙwarai. Amma duk shekara ku duba jadawalin aikinsa ku ga kaso nawa ne ya tafi wajen taya manajoji aiki, kaso nawa ya rage na duba su. Idan kun ga manajoji suna yabon sashen bincike baki ɗaya, babu mai ƙorafi ko ɗaya, to ku sake dubawa.

Kada ku ce na ɗora muku komai na bar 'yan'uwana. Mu ma muna da namu. Akwai mai binciken da zai cika shafi arba'in da batun rasit ɗin man mota da sa hannun rajistar zuwa aiki, ya bar inda kuɗin gaske suke, domin can akwai manya. Akwai mai kula da haɗarin da aikinsa ya tsaya a cike jadawali mai launuka duk wata uku, jadawalin da ba ya sauya shawarar kowa. Kuma hukumomi sun fara kama mu da laifin shirunmu. A bankin Wells Fargo na Amurka, matsin lamba kan ma'aikata su sayar wa kowane abokin ciniki kayan banki har takwas ya sa aka buɗe asusu kusan miliyan 2 ba da sanin masu su ba, adadin da daga baya ya kai miliyan 3.5. An kori ma'aikata kusan 5,300, yawancinsu ƙanana, an ci bankin tarar dala miliyan 185 a 2016, sannan dala biliyan 3 a 2020. A Janairun 2020 hukumar da ke kula da bankunan tarayya ta Amurka ta tuhumi tsohon babban mai binciken cikin gida na bankin tare da wasu manya, kan cewa ba su ɗaga maganar yadda ya kamata ba. Ban ga laifin hukumar ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai ku ma ku lura: ma'aikata sama da dubu biyar ba sa yin laifi iri ɗaya a rassa daban-daban don sun haɗa baki. Tsarin lada da adadin da aka ɗora musu ne ya tura su, kuma tsarin lada a teburinku ake amincewa da shi.

Abin da nake nema a wurinku ba sabon abu ba ne. Cibiyar masu binciken cikin gida ta duniya, wadda aka kafa a New York a 1941, ta daɗe da bayyana tsarin layi uku: manajojin da ke gudanar da aiki su ne masu haɗarin na farko, sashen kula da haɗari da bin ƙa'ida yana sa musu ido yana taimaka musu, sashen bincike kuma yana duba duka biyun ya kai rahoto ga hukumar daraktoci kai tsaye. Sababbin ƙa'idojinta da suka fara aiki a Janairun 2025 sun ɗora wa hukumar daraktoci nauyi a fili. Kusan kowane babban kamfani yana da wannan a rubuce cikin kundinsa. Matsalar ita ce a taswirar ofis layin mai bincike yana tafiya zuwa gare ku, amma albashinsa da ƙarin girmansa da makomarsa suna bin wata hanyar.

Saboda haka ɗauka da sallamar shugaban bincike da na sashen haɗari su dawo hannunku da gaske, ba a kawo muku takarda ku sa hannu bayan an gama ba. Shugaban kwamitin bincike shi zai auna ƙwazon mai bincike, shi zai tsayar da ladansa, kuma kada a ɗaura wannan lada da ribar sassan da yake dubawa. Duk wanda ya ajiye ɗaya daga cikin kujerun nan biyu, ko da ya ce don kansa ya tafi, ɗayanku ya zauna da shi kafin ya fita, kuma kada kujerar ta kwana wata da watanni babu kowa. Kasafin sashen ku za ku yanke, domin rage wa mai bincike mutum biyu da kuɗin tafiya ya isa ya hana shi zuwa reshen da ba a son ya je. Sannan ku bari masu tantancewa daga waje su duba aikin sashen binciken kansa aƙalla sau ɗaya a shekara 5, kamar yadda ƙa'ida ta ce, don mu ma kada mu zama waɗanda ba a tambaya.

Akwai abu biyu da nake ganin sun fi sauran amfani, kuma ba sa cin ko sisi. Na farko, ku nemi a riƙa kawo muku jerin duk batun da aka sauya launinsa tsakanin daftarin farko da rahoton ƙarshe, da sunan wanda ya nemi a sauya, da hujjarsa. Wani lokacin manaja ne yake da gaskiya, mai bincike ya yi zafin hannu, wannan ba komai. Amma da irin wannan jeri yana nan a waccan rana, da daraktan kuɗi bai kira ni ba, ko da ya kira ni, da ina da abin da zan ce masa. Na biyu, ku daina barin shawarwarin da aka karɓa suna tsufa. Duk batun ja da ya wuce wa'adinsa, manajan da ke da alhakinsa ya zo gabanku da kansa ya yi bayani. Kada a aiko mai bincike ya ba da uzurin wani. Shawarar Barings ma ai ba a ce an ƙi ta ba, barinta aka yi.

Na san da yawa daga cikinku kuna zaune a hukumomi uku ko huɗu, kundin taro kuma yana zuwa da ɗaruruwan shafuka kwana kaɗan kafin zama. Na san kuma ba daɗi ka zama daraktan da kullum yake ɓata wa manajan darakta rai, musamman idan shi ya kawo sunanka. Amma masu hannun jari da masu ajiya da ma'aikatan da ba za su taɓa shiga ɗakin nan ba, ku suka wakilta, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A zamanku mai zuwa, ku dawo da rahoton bincike farkon ajanda, lokacin da kowa yake da natsuwa. Idan an gama, ku ce wa manajan darakta da daraktan kuɗi da sakatare su ɗan ba ku wuri, a rufe ƙofa. Ku mai da hakan al'adar kowane zama, ko akwai matsala ko babu, don kada ranar da aka yi shi ya zama alamar cewa mai bincike ya kai ƙara. Sannan ku tambaye shi abin da aka ce ya cire daga rahoton, da inda ya so zuwa aka hana shi, da abin da yake hana shi barci wanda bai rubuta ba. Ƙila a karon farko ya ce babu komai, domin bai tabbatar maganar ba za ta riga shi komawa ofis ba. Ku riƙe sirrinsa, ku sake tambayarsa bayan wata uku.

Na gode da kuka karanta. Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Naku,
Wani ma'aikacin binciken cikin gida